Siririn shafen da ke tsakanin sikirin da ƙurar Katsina

Wata Laraba cikin hunturun bara ina zaune a bencin wani mai gyaran waya a cikin birnin Katsina, ina jiran a canza mani wurin caji, sai ga wani dattijo da sabuwar waya cikin kwalinta, yana so a manna masa gilashin kariya. Yaron shagon ya zaro wani fakiti, ya ɗora yatsa inda aka rubuta 9H da manyan baƙaƙe, ya ce, "Baba, kun ga wannan? Daga shi sai daimon. Ko wuƙa aka sa masa ba ya ji." Ya ciro makullin babur daga aljihu ya yi ta gurzawa a kai, sannan ya miƙa. Dattijon ya duba ta nan, ya duba ta can, bai ga komai ba, ya ce, "To madalla, ɗana, manna mani."

Yaron bai yi niyyar cuta ba, abin da ya ji a bakin wanda ya saro wa kaya shi ya maimaita. Amma da ya sunkuya ya ɗebi ƙasar bakin ƙofar shagon ya murza a kan gilashin nan a madadin makulli, da cinikin bai faɗa ba. Dalilin da ya sa makulli ya kasa, ƙasa kuma ta iya, shi ya haifar da wata sana'a sukutum da manyan kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin ke zuba maƙudan kuɗi a cikinta: sana'ar yi wa roba wani siririn shafe mai tauri, don ta iya zama fuskar sikirin ba tare da ta karce cikin mako ɗaya ba.

Yawancinmu mun ɗauka duk sikirin gilashi ne. Wayar shafa ta zamani kam fuskarta gilashi ce. Amma laftof ɗin da ke kan teburin ma'aikaci a sakatariya, da talabijin ɗin bango da muke kira filasma, da kwamfutocin da yara ke zana jarrabawar JAMB a kansu, galibinsu abin da yatsa ke taɓawa leda ce. A cikin irin wannan sikirin akwai gilasai biyu sirara da ruwan kiristal a tsakaninsu, sai a waje aka manna wata leda mai tace haske, wadda in babu ita ba za a ga hoto ba sam. Ana yin ta ne da wata roba da ake rinawa da aidin a ja ta ta miƙe. Da yake ba ta da ƙarfi kuma ba ta son laima, sai a rufe ta ciki da waje da wata ledar mai suna TAC, wadda asalinta sinadarin auduga da itace ne. Kamfanin Fujifilm na Japan, wanda muka sani da fim ɗin kyamara a zamanin wankin hoto, yana cikin manyan masu yin ta a duniya, don kusan irin ledar da yake yin fim da ita ce. Kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. Ita ce fuskar talabijin ɗinka.

Ƙaramar waya mai tocila, tagar mitar wuta, kalkuleta, agogon gudun mota, da na'urorin POS da dama, su kuma murfin sikirin ɗinsu roba ce mai ɗan kauri, ko dai akirilik ko folikabonet. Akirilik ta fito kasuwa a Jamus a 1933 da sunan Plexiglas. Folikabonet kuwa mutum biyu suka gano ta a shekara guda, 1953, kowa a wurinsa: Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus da Daniel Fox a General Electric na Amurka. Abin da ya sa masana'antu ke son su a bayyane yake. Nauyinsu kusan rabin na gilashi ne, ana zuba su a kowace irin siffa, kuma folikabonet ba ta tarwatsewa in ta faɗi, shi ya sa ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da ita. Aibinta guda: robar da guduma ba ta fasawa, farce na iya yi mata alama.

Nan ne mutane ke rikicewa, domin a Hausa da wanda ba ya fashewa da wanda ba ya karcewa duk mai ƙarfi muke ce masu. Alhali halaye biyu ne da ba su cika zama wuri ɗaya ba. Kwanon tangaran ba ya karcewa da cokali amma in ya faɗi shi ke nan. Bokitin roba ka jefa shi daga saman soro ya tashi lafiya, amma dubi jikinsa bayan shekara guda.

A 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adanai goma bisa wanda ke iya karce wani. Na farko shi ne mafi taushi, dutsen da ake yin hoda da shi, na goma daimon. Ƙa'idar ba ta da wuya: abu ba ya karce wanda ya fi shi tauri. Farcen mutum yana wajen 2.5. Robobin da muke magana suna wajen 3 ko ƙasa. Makullin tagulla 3 zuwa 4 ne. Gilashin taga yana wajen 5.5, gilashin waya kuma yakan fara nuna kwarzane a mataki na 6. To ga inda Katsina ta shigo: farin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira kwaz, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin rairayi, yana mataki na 7. Ya fi roba, ya fi makulli, ya fi wuƙar kicin, ya fi gilashin yawancin wayoyi, har da masu tsada.

Mu kuwa a cikinsa muke kwana muke tashi. Ƙasarmu jigawa ce tun daga Daura har Jibiya, ga kuma ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tsohon gindin tafkin da ya ƙafe, ta sauke mana daga Nuwamba har zuwa Maris. A cikin ƙurar da ke kwanciya a kan teburi akwai ƙwayoyin kwaz. Suna cikin aljihun riga, suna cikin jaka, suna manne a gefen mayafi. Duk wanda ya ja hannun babbar rigarsa ya goge sikirin mai ƙura, sanfefa ya sa, ko da bai sani ba.

Abin da ke faruwa a jikin roba idan ƙwayar rairayi ta bi ta kai ya yi kama da garma a gona. Ita roba, in aka duba ta can ciki, dogayen zarurruka ne da suka cakuɗe ba tare da an ɗaure su da juna sosai ba. Tsini na zuwa sai su kauce masa, ya bar kwari da kunya a gefe. Kwari ɗaya ido ba ya damuwa da shi. Idan suka zama dubbai sai su riƙa watsa haske ko'ina, sikirin ya yi hazo, baƙi ya koma toka-toka, mai POS ya riƙa kare na'ura da tafin hannu a rana yana neman lamba.

Maginan gargajiya sun san maganin irin wannan tun kafin a san roba. Ginin ƙasa yana da sanyi da sauƙin yi amma ruwa na cinsa, sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba a shafe bango. Ba a sauya ginin ba, fuskarsa kawai aka taurara. Haka masu sikirin ke yi, sai dai nasu shafen siririntarsa ta wuce misali. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Shafen da ke kan ledar sikirin galibi maikiron 3 zuwa 10 ne.

Wanda ya fi yawa a masana'antar sikirin shi ne wanda ake busarwa da hasken ultrabayolet, wani haske da ido ba ya gani. Ruwa ne garau, cike da ƙwayoyin sinadari dangin akirilik, kowace ƙwaya da hannaye da yawa, wasu biyar wasu shida. Ana shimfiɗa shi a kan leda, a bi da ita ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, cikin 'yan daƙiƙoƙi kowane hannu ya kama na maƙwabcinsa. Zaren da ke warwatse ya zama saƙa, kamar bambancin tarin kaba da tabarma. Tsini ya zo, babu mai kauce masa. Saurin bushewar nan shi ne sirrin arharsa, domin ledar a naɗe take zuwa kamar bandir ɗin yadi, mai faɗin fiye da mita guda, tana warwarewa ta wannan gefe ana shafa mata tana naɗewa ta wancan, inji bai tsaya ba. Idan ana son sikirin da ba ya ƙyalli kamar madubi, irin na yawancin laftof ɗin ofis, sai a zuba ƙananan ƙwayoyi cikin ruwan don fuskar ta ɗan yi kaushin da zai watsa hasken taga.

Akwai na biyu, dangin silikon, wanda ake gasawa a tanda. Idan ya nuna tsarinsa yakan yi kusa da na gilashi, saboda haka ya fi jure rana da gurzawa. Wahalarsa ita ce lokaci da zafi. Ana gasa shi a wajen digiri 120 zuwa 130 na tsawon rabin awa ko fiye, ita kuma folikabonet tana fara saki a wajen digiri 147, don haka tazarar kuskure kaɗan ce. Sau da yawa ma ba ya kama jikin robar sai an fara yi mata shafen share fage, kamar yadda mai fenti ke yi wa ƙofar ƙarfe. Abin da ya fi burge ni a duk lamarin shi ne abin da ake ƙara wa waɗannan ruwaye don su ƙara tauri: garin silika, wato ainihin sinadarin rairayin da ake gudu. Ana yin ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, nanomita 'yan gomomi (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron), alhali tsawon zangon hasken da ido ke gani nanomita 400 zuwa 700 ne. Haske na wucewa bai ma san suna nan ba, amma ƙwayar ƙura in ta zo sai ta tarar da 'yan'uwanta a bakin ƙofa.

Duk wannan aiki a ɗaki mai tacacciyar iska ake yinsa, ma'aikata a rufe ruf daga kai har ƙafa, saboda ƙwayar ƙura ɗaya ta fi shafen kansa kauri, in ta faɗa kafin ya bushe ta zauna ke nan har abada. Nakan yi tunanin kuɗin da za a kashe wajen tace iska in an ce a kafa irin wannan masana'anta a hanyar Dutsin-ma cikin watan Janairu.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yi shafen da kauri, a taurara shi iyakar taurarawa a huta? Wanda ya taɓa ratsa fadama bayan ruwa ya janye ya san amsar. Saman laka ya bushe ya yi ɓawo kamar daɓe, ka taka, ƙasan ya lotsa, ɓawon ya dare. Shafe mai tauri a kan roba mai taushi haka yake: in tsinin ya danna da nauyi, robar da ke ƙasa ce ke ba da kai, shafen ya tsage. Shi ya sa shafe iri ɗaya yakan fi nuna tauri a kan akirilik fiye da kan folikabonet, har wasu masana'antu ke haɗa su biyun a faranti guda, folikabonet a ƙasa don jure faɗuwa, siririyar akirilik a sama don ta tallafi shafen. Sannan ruwan yana tsukewa yayin da yake bushewa. In ya yi kauri sai ya ja ledar ta nannaɗe kamar fatar da aka shanya a rana. Zafi ma na da nasa: roba na buɗewa da zafi fiye da shafen da ke kanta, don haka na'urar da ake bari a cikin mota a rufe da ranar Afrilu tana iya wayar gari da 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo. Injiniyan da ke wannan aiki kullum ciniki yake yi, ya rage tauri ya sami lanƙwasa, ko ya ƙara tauri ya yi asarar ta.

Yanzu a koma ga 9H ɗin yaron shago. Wannan lamba ba ta da alaƙa da ma'aunin Mohs. Lambar fensir ce, irin HB da 2B da 'yan makaranta ke saye don jarrabawa. Masu fenti ne suka fito da gwajin: a jera fensura daga mai taushi zuwa 9H mafi tauri, a daidaita bakin kowane, a kafa shi a karkace bisa kusurwar digiri 45, a ɗora masa nauyi, galibi giram 750, a tura shi a kan abin da ake gwadawa. Fensir mafi tauri da bai bar alama ba, lambarsa ce ake ba abin. Ga roba wannan gwaji na da amfani sosai. Folikabonet tsirara takan tsaya a wajen 2B. Ledar sikirin ɗin laftof da aka yi wa shafe takan kai 3H, kuma haka ake rubutawa a takardar bayanin sikirin ɗin. Amma bakin fensir garin girafait ne da yumɓu, ko mafi taurinsa ba ya karce gilashi kowane iri, har da na kwalbar lemo. Rubuta 9H a kwalin gilashi daidai yake da a yaba wa ɗan dambe cewa yaron goye bai taɓa kayar da shi ba. Gaskiya ne, amma ba ta gaya maka komai.

A ganina dattijon bai yi asarar kuɗinsa ba duk da haka. Gilashin kariya fansa ne: shi ke karɓar rairayin, in ya gaji a ɓamɓare a sa wani da kuɗi kaɗan. A sayar masa da shi a kan wannan hujja ya fi a ce masa daimon ne.

Masana'antu da kansu ba su dogara da fensir kaɗai ba. Akwai injin Taber, wanda ke juya samfur a ƙarƙashin tayoyi biyu masu kaushi sau ɗari ko dubu, sannan a auna yawan hazon da ya yi. Akwai kuma gurzawa da lallausan soson ƙarfe da nauyi a kai. Waɗannan sun fi kusa da abin da aljihun Bakatsine ke yi wa waya.

Tarihin waya ma jan igiya ne tsakanin roba da gilashi. Lokacin da Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko a Janairun 2007 fuskarta roba ce, kafin ta shiga kasuwa a ƙarshen Yuni aka mayar da ita gilashin kamfanin Corning, wanda daga baya ya shahara da sunan Gorilla Glass. Ana tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400, manyan ƙwayoyi su kori ƙanana su matse fuskarsa. A 2015 Motorola ta gwada komawa roba da alkawarin sikirin da ba ya fashewa. Bai fashe ba kuwa, amma masu saye suka yi ta kukan karcewa. Wayar da ake ninkewa ce ta tilasta wa kowa ya sake waiwayar roba. Samsung ta shirya fitar da Galaxy Fold a Afrilun 2019 da fuskar wata roba mai suna folimayid, wadda launinta na asali ruwan zuma ne sai da aka yi dabarar cire mata shi. Wasu 'yan jaridar da aka ba su gwaji suka ga wata leda a sama, suka ɗauka ta kwali ce suka ɓare, sikirin ya mutu. Sai Satumba wayar ta fito. A 2020 aka zo da gilashi mai kaurin maikiron 30 kacal a Galaxy Z Flip, siririn da har yana lanƙwasuwa, amma shi ma leda aka ɗora masa a sama. Har Tecno, wadda ta cika kasuwanninmu, ta fitar da tata mai ninkewa a 2023. Duk wanda ya riƙe irin wannan waya a Katsina ya sani cewa sikirin ɗin cikin nan farce ma na iya yi masa alama, ƙwayar rairayi ɗaya kuma in ta shiga ya ninke a kanta, ya danna ta da hannunsa ke nan.

Santsin da ake ji a sabuwar waya kuwa wani shafen ne daban, mai korar maiƙon yatsa, wanda kaurinsa 'yan nanomita ne kawai. Ba ya hana karcewa, kuma shi ke fara gogewa, shi ya sa bayan watanni wurin da babban yatsa ya fi bi yake fara kama datti.

Daga nan mai hankali zai gane yadda ya kamata a goge sikirin. A fara hure ƙurar ko a kaɗe ta, sannan a sa lallausan ƙyalle mai ɗan danshi, irin na goge tabarau, ba tare da dannawa ba. Tishu busasshe jan rairayin kawai yake yi. Fetur da tina da ruwan goge jan farce suna cin folikabonet da akirilik har su tsattsage. Makilin da wasu ke cewa yana cire kwarzane, garin silika ne a cikinsa, abin da yake yi shi ne cinye shafen da ke kewaye da kwarin har su yi daidai.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan da idonsa ya dubi fitilun gaban motocin nan 'yan Kwatano. Folikabonet ce da shafe mai tauri a kanta, wanda ke tare rairayi ya kuma tare hasken rana mai ƙona roba. Bayan shekaru shafen ya gaji, fitila ta yi rawaya ta dushe. A kai ta wurin masu wankewa, su sa sanfefa da man gogewa, ta fito tas kamar sabuwa, mai mota ya biya yana murna. Abin da aka kankare shi ne ragowar shafen. In ba a sake fesa mata wani mai tare rana ba, robar tsirara ce ke fuskantar hanyar Daura, kuma cikin 'yan watanni rawayar ke dawowa.